Wasiƙun Siyasa da Tabbatar da Tsarin Mulkin Sabuwar Ƙasa: Nazari Daga Ƙofar Mazugal

1.0 Gabatarwa



Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba irin aikin da wasiƙu suka yi a duk lokacin da aka tashi tsara wa Nijeriya tsarin mulki, tun daga 1944 har zuwa 1999. Abin da ake nufi da wasiƙa a nan ya haɗa da saƙon da mai mulki ke aika wa ɗan'uwansa mai mulki, da takardar koke ko ta shawara wadda talakawa da ƙungiyoyi ke miƙa wa hukuma, da kuma buɗaɗɗiyar wasiƙa da ake bugawa a jarida don kowa ya karanta. Tabbatarwa kuwa ita ce matakin ƙarshe da ke mai da daftari ya zama doka mai hawa kan kowa.

Na zaɓi in tsaya a Ƙofar Mazugal in hangi al'amarin, domin a unguwar na tashi, kuma matsayinta ya dace da zancen. Tana cikin ganuwar birnin Kano ta ɓangaren da ke fuskantar Fagge, ga kuma Gwammaja kusa da ita, inda gidan Malam Aminu Kano yake. Tambayar da takardar ke son amsawa ita ce: idan mutumin wannan unguwa ya rubuta ra'ayinsa game da tsarin mulki, ina takardar take zuwa, kuma wa ke da tilas ya saurare shi?

2.0 Wasiƙa a Tsohon Tsarin Sarauta

Rubuta wa mai mulki wasiƙa a kan yadda zai yi mulki daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili ya rubuta masa risala a kan abubuwan da suka wajaba a kan sarki, kamar tsara fada, da binciken ma'aikata, da adalci a shari'a, da hanyoyin tara dukiyar baitulmali da kashe ta. A farkon ƙarni na 19 kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya aika da Wasiƙa ga Mutanen Sudan yana bayyana dalilan jihadi, sa'an nan aka yi doguwar musayar wasiƙu tsakanin Muhammadu Bello da Shehun Barno Muhammadu al-Kanemi a kan halaccin yaƙar Barno, wadda Bello ya adana wani sashe nata a cikin Infaƙul Maisuri.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan wasiƙu tsakanin malamai da sarakuna suka gudana. Hujjarsu nassi ne, kuma ƙarfinsu ya dogara ga kwarjinin malamin da ya rubuta da tsoron Allah na sarkin da ya karɓa. Babu wani mataki da ake jiran jama'ar gari su ce sun yarda kafin tsarin ya fara aiki. Wannan mataki na neman yardar jama'a shi ne sabon abin da ya shigo tare da rubutaccen tsarin mulki irin na zamani.

3.0 Misalin Amurka, 1787–1791

Dalilin kawo Amurka cikin zancen shi ne, daga gare ta Nijeriya ta aro tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979. An sa hannu a kan daftarin tsarin mulkin Amurka a Filadalfiya ran 17 ga Satumba 1787, amma daftarin da kansa ya shimfiɗa sharaɗi cewa ba zai fara aiki ba sai jihohi 9 daga cikin 13 sun amince da shi a tarurrukan wakilai waɗanda aka zaɓa musamman don wannan aiki. Da yake an bar hukunci a hannun waɗannan wakilai, sai ya zama tilas masu goyon bayan daftarin su shawo kansu da alƙalami. Alexander Hamilton da James Madison da John Jay suka rubuta buɗaɗɗun wasiƙu 85 zuwa ga mutanen jihar Niyok da sunan aro na Publius. Masu adawa su ma suka mayar da martani a jaridu da sunayen aro, kamar Brutus.

A gefe guda kuma akwai wasiƙun sirri. Thomas Jefferson yana jakadanci a Faris lokacin da aka rubuta daftarin, Madison ne ya aika masa da bayani. Ran 20 ga Disamba 1787 Jefferson ya ba da amsa, ya yaba da wasu sassa, amma ya nuna rashin jin daɗinsa da abu biyu: babu jerin haƙƙoƙin ɗan ƙasa, kamar 'yancin addini da na buga jarida, kuma ba a ƙayyade wa shugaba yawan lokutan da za a sake zaɓensa ba. Madison ya fara da shakku. A wasiƙarsa ta Oktoba 1788 ya nuna cewa haƙƙin da ke kan takarda kaɗai ba ya tare masu rinjaye idan sun yi niyyar zalunci. Jefferson ya amsa a Maris 1789 da cewa rubuta haƙƙin yana ba alƙalai abin da za su kafa hujja da shi.

Ba wasiƙar Jefferson kaɗai ta juya Madison ba. Ƙuri'un da aka kaɗa ne suka ba ta nauyi. A Massachusetts an amince da ƙuri'a 187 a kan 168, a Birjiniya 89 a kan 79, a Niyok kuwa 30 a kan 27, kuma duk jihohin nan uku sun haɗa amincewarsu da jerin gyare-gyaren da suke so. Saboda haka Madison ya gabatar da gyare-gyare a majalisa a Yuni 1789, goma daga cikinsu suka zama doka ran 15 ga Disamba 1791. Lalle ne a faɗa cewa bayi da mata ba su da baki a waɗannan tarurruka. Duk da haka darasin a fili yake: wasiƙa takan yi tasiri idan wanda aka rubuta wa yana bukatar yardar wanda ya rubuto.

4.0 Tsarin Mulkin da ya Fara da Wasiƙa, 1944–1947

Tsarin mulkin da ya fara shigar da wakilan Arewa majalisa ɗaya da na Kudu ya samo asali ne daga wasiƙa. A Disamba 1944 Gwamna Sir Arthur Richards ya aika wa Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka a Landan da shawarwarinsa. A Maris 1945 aka kai su gaban Majalisar Dokoki ta Ikko, watau Legas, wadda a sa'an nan ba ta yi wa Arewa doka, ta amince ba tare da doguwar muhawara ba, tsarin ya fara aiki ran 1 ga Janairu 1947. Mutumin Ƙofar Mazugal bai ga wasiƙar ba, ba a kuma tambaye shi ba.

Amma akwai muryar Arewa da ta riga ta bi ta wata hanya. A 1943 Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila tare da wasu 'yan jaridar Afirka ta Yamma. Ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Nnamdi Azikiwe ya shirya, amma ya gana da Lugard, daga baya kuma ya rubuta masa wasiƙu yana zayyana illolin mulkin En'e da ƙarancin ilmi da yadda ake watsi da matasa masu boko. Lugard ya yi ritaya tuni, sai dai har a lokacin ana jin maganarsa, ta hanyarsa ne koken ya isa ga hukuma. Wannan shi ne nau'in wasiƙar da ke neman ɗan tsakani mai alfarma, kuma amfaninta yana ƙarewa a inda alfarmar ta ƙare.

Jam'iyyar NCNC ta bi wata hanya daban. A 1946 ta zagaya ƙasa tana tara kuɗi da takardun wakilci daga garuruwa. A Kano ne ciwo ya kama shugabanta Herbert Macaulay, aka mai da shi Ikko, ya rasu ran 7 ga Mayu 1946. An tara wajen fam 13,000 da takardun garuruwa 153, kuma a 1947 tawagar mutum bakwai, cikinsu da Malam Bukar Dipcharima daga Barno, ta kai koken Landan. Sakatare Arthur Creech Jones ya ce su koma gida su gwada tsarin tukuna. Takardu sun yi yawa, amma babu dokar da ta tilasta wa Sakatare ya ƙidaya su.

5.0 Tuntuɓa Daga Ƙauye Zuwa Badun, 1949–1954

Sir John Macpherson ya ɗauki darasi daga abin da ya sami magabacinsa. A 1949 aka yi tarurrukan tuntuɓa tun daga ƙauye da gunduma da lardi har zuwa jiha, aka rufe da babban taro a Badun a Janairu 1950. A can ne Sarkin Zazzau, da goyon bayan Sarkin Katsina, ya bayyana cewa in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, za ta nemi komawa yadda take kafin haɗewar 1914. Aka ba ta kujeru 68 daga cikin 136 na zaɓaɓɓun wakilai a tsarin 1951.

Tambaya a nan ita ce, wa ya yi magana da sunan Arewa? A ƙasar Hausa tarurrukan sun gudana ne a ƙarƙashin En'e, hakimi yana zaune, dagaci yana kallo. Wannan na cikin abin da ya sa wasu matasa suka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, suka kuma fitar da Sanarwar Sawaba a cikin shekarar, wadda a haƙiƙa buɗaɗɗiyar wasiƙa ce zuwa ga talakawa da Turawa gaba ɗaya. Jaridar Comet ta Azikiwe, wadda ta dawo Kano a 1949, ta zama kafarsu. A wannan zamani ne kuma Malam Sa'adu Zungur ya rubuta waƙarsa Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, wadda ta kai muhawarar tsarin mulki kunnen wanda bai iya Turanci ba. A zaɓen 1951 NEPU ta yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e na da ikon cusa nata mutane a matakin ƙarshe, ba ɗan takararta ko ɗaya da ya isa majalisar Kaduna ta wannan hanya.

Abin da takardu suka kasa yi, tarzoma ta yi shi cikin kwana huɗu. Ran 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo shawarar mulkin kai a 1956, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya nemi a ce sai lokacin da ya dace, aka yi wa wakilan Arewa ihu a Ikko. Da tawagar S. L. Akintola ta zo Kano a watan Mayu, sai faɗa ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari daga ran 16 ga wata, ɗan taƙi kaɗan daga Ƙofar Mazugal, mutum fiye da 30 suka rasa rayukansu. A cikin watan majalisun Arewa suka amince da manufofi takwas da suka kusan raba ƙasar, Sakatare Oliver Lyttelton kuma ya sanar cewa za a sake tsarin. Taron Landan na 1953, wanda Malam Aminu Kano ya halarta a madadin NEPU, da na Ikko na 1954, su suka haifi tsarin tarayya ran 1 ga Oktoba 1954.

6.0 Takardun Ƙananan Ƙabilu da Babin Haƙƙoƙi, 1957–1963

A nan ne tarihinmu ya fi kusa da na Amurka. Bayan taron Landan na 1957 an kafa kwamiti a ƙarƙashin Sir Henry Willink don ya binciki fargabar ƙananan ƙabilu. Kwamitin ya zagaya jihohi uku yana karɓar takardu da shaidu, galibinsu suna neman a ƙirƙiro sababbin jihohi. A rahotonsa na 1958 bai goyi bayan haka ba, sai ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki, aka kuwa kwaikwayo su daga yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 1950. Masu koke sun nemi jihohi, aka ba su babin haƙƙoƙi.

Ba a daɗe ba aka gwada babin a kotu. A shari'ar da littattafan lauyoyi ke kira Cheranci da Cheranci, ta 1960, an ƙalubalanci dokar Jihar Arewa ta 1958 da ta hana yara shiga harkokin siyasa, kotu ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Shakkun Madison da fatan Jefferson duk sun bayyana a nan: mai ƙara ya sami ƙofar shiga kotu, amma bai fita da abin da ya nema ba.

Tsarin mulkin 'yancin kai na 1960 kuwa ba a kai shi gaban jama'a ba. Majalisar Wakilai ta nemi 'yanci a Janairu 1960, Majalisar Ingila ta yi doka a Yuli, tsarin kuma ya fito a Satumba a matsayin umarnin Sarauniya da majalisarta. Matan Arewa ba su ma kaɗa ƙuri'a a zaɓen 1959 da ya samar da majalisar ba. Na jamhuriya na 1963 shugabannin jam'iyyu ne suka daidaita a kansa a Ikko, Majalisar Tarayya ta zartar.

7.0 Babbar Muhawara da Sa Hannun Soja, 1975–1999

Ran 18 ga Oktoba 1975 Janar Murtala Muhammed ya ƙaddamar da Kwamitin Rubuta Tsarin Mulki a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. An naɗa mutum 50, Cif Obafemi Awolowo ya ƙi karɓa, suka zama 49, babu mace ko ɗaya. Kwamitin ya karɓi ɗaruruwan takardun shawara, ya miƙa daftarinsa a Satumba 1976, daga nan aka shafe shekara guda ana muhawara a jaridu da rediyo da zaurukan jami'o'i. Mutum biyu daga cikin kwamitin, Dokta Yusufu Bala Usman da Dokta Segun Osoba, ba su yarda da daftarin ba, suka rubuta nasu rahoton na marasa rinjaye. Gwamnati ba ta buga shi tare da na masu rinjaye ba, sai a 2019 ya fito a matsayin littafi.

A Oktoba 1977 Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta fara zama a ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma. Mafi yawan wakilanta majalisun ƙananan hukumomi ne suka zaɓe su, watau zaɓen hawa-hawa ya sake dawowa. A Afrilu 1978 wakilai fiye da 80 suka fice saboda batun Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Tarayya, sai da Janar Olusegun Obasanjo ya sa baki suka koma. Bayan majalisar ta gama, Majalisar Ƙoli ta Soja ta yi gyare-gyare 17, ciki har da cusa Dokar Amfani da Ƙasa da ta yi wa ƙasa hidima, sa'an nan ta zartar da tsarin da Dokar Soja mai lamba 25 ta 1978. Ya fara aiki ran 1 ga Oktoba 1979.

Na 1999 ya fi wannan gajeriyar hanya. Kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ya saurari jama'a a ƙarshen 1998, gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta zartar da tsarin da Dokar Soja mai lamba 24 a Mayu 1999, bayan an riga an yi zaɓe. Gabatarwar tsarin tana magana da bakin jama'ar Nijeriya, alhali sa hannun na soja ne.

8.0 Darasi Daga Nijar

Kada a ɗauka cewa ƙuri'ar raba gardama ita kaɗai za ta warware matsalar. Ran 28 ga Satumba 1958 aka tambayi mutanen Nijar ko sun amince da tsarin mulkin da Janar de Gaulle ya kawo. Jibo Bakari, shugaban gwamnati kuma jagoran jam'iyyar Sawaba, ya yi kira a ce a'a. Hukumar Faransa da akasarin sarakuna suka tsaya a ɗaya ɓangaren, aka bayyana cewa wajen kashi 78 cikin ɗari sun ce i, alhali masu kaɗa ƙuri'ar ba su kai rabin waɗanda aka yi wa rajista ba. A 1959 aka haramta Sawaba. Daga baya Nijar ta yi ƙuri'ar raba gardama a kan tsarin mulki a 1992 da 1996 da 1999 da 2009 da 2010, kuma in ban da na 1999, kowane ɗaya daga cikinsu juyin mulki ne ya kawo ƙarshensa. Ƙuri'ar da ba a yi muhawara a sarari kafinta ba, tambari ce kawai ake bugawa a kan abin da aka riga aka yanke.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da abu uku. Na farko, mutanen Arewa ba su yi shiru ba a ko wane mataki. Sun rubuta wa Lugard, sun rubuta wa Willink, sun rubuta wa kwamitin Williams. Na biyu, a duk tsawon shekarun nan 55 sa hannun ƙarshe yana wurin wanda ba ya bukatar yardar marubutan, ko masarautar Ingila ko soja, ban da 1963 da majalisa ta zartar. Na uku, akwai shingen harshe. Majalisar Jihar Arewa ta yi aiki da Hausa da Turanci, sashe na 51 na tsarin 1979 da na 55 na tsarin 1999 kuma sun ambaci Hausa da Ibo da Yarabanci a matsayin harsunan Majalisar Tarayya idan an yi tanadi, amma da Turanci aka rubuta kowane daftari.

Sashe na 9 na tsarin 1999 ya buɗe wata kafa. Ba a gyara tsarin sai da yardar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da kuma majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Ta wannan hanya aka rage shekarun tsayawa takara a 2018, bayan matasa sun yi ta bin 'yan majalisa da takardu. Ɗan majalisar da ke wakiltar Dala yana bukatar ƙuri'ar mutumin Ƙofar Mazugal, saboda haka wasiƙar da aka aika masa tana da nauyin da takardun 1946 ba su samu ba.

Ina ba da shawara biyu ga mahalarta. Ta farko, sassan Hausa da na Tarihi su haɗa hannu wajen tattara wasiƙun siyasa na Hausa, na boko da na ajami, daga Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Mambayya da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da kuma akwatunan dattawa a cikin unguwanni, tun kafin gara ta riga mu. Ta biyu, kwalejojin ilmi su riƙa koyar da rubuta takardar shawara ga majalisa da Hausa a cikin darasin insha'i, domin malamin firamare da muka yaye shi ne mutumin da maƙwabta za su nufa idan an sake kiran jama'a su kawo ra'ayinsu.